FARGABA BAYAN HAƊARIN KEKE: YADDA MAHAYI ZAI KOMA KAN SIRDI

Jawabin da aka gabatar wa 'yan Arewa mazauna Kurmi a wani taron wayar da kai na reshen jam'iyya

 

Maganar da za a tattauna a yau ta shafi duk wanda ya baro garinsu ya zo Ikko, ko Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, ya kuma zamana abincinsa yana bisa taya biyu. A cikinsu akwai mai tallar madarar sanyi a akwatin keke, akwai mai ɗauko kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa rumfarsa, akwai maigadin da ke buga keke daga masauki zuwa bakin aiki, akwai kuma ɗan acaɓa a wuraren da doka ta bar masa hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, keke mai feda, wanda dattawa ke kira basukur, ya sake samun daraja wurin talaka, domin ba ya shan mai, gyaransa kuma ba ya karya aljihu.

To, amma hanya ba ta da sabo. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna mutum miliyan 1 da dubu 190 ke rasa ransu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da mahaya keke da babur. Wannan lissafi na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Akwai wasu da ba a ƙidaya su, watau waɗanda Allah Ya yi wa gyaɗar dogo suka tashi, ƙashi ya ɗoru, rauni ya rufe, amma da sun ɗora hannu a kan keke sai gabansu ya yanke ya faɗi. Irin wannan mutum yakan sayar da kekensa a wulaƙance, ko ya mayar wa mai babur da mabuɗi, kuɗin haya ya taru a kansa, abin da yake aika wa iyaye da iyali a gida ya yanke, daga bisani ya hau motar shanu ya koma Arewa hannu rabbana, alhali da an san ciwonsa da an yi masa magani.

MENE NE WANNAN TSORO?

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitocin zamani sun binciki abin da wannan karin magana ke nufi, sun kuma gano inda yake a jikin ɗan Adam. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da suke kira amigdala, wanda aikinsa kamar na maigadi ne. A sa'ad da mutum ya gamu da abin da ya kusa hallaka shi, wannan maigadi yakan riƙe duk abin da ke wurin: ƙarar birki, odar tirela, launin motar da ta buge shi, har da kwanar da abin ya auku. In daga baya ya sake jin ɗaya daga cikinsu, sai ya buga ƙararrawa tun mutum bai yi tunani ba, jiki ya saki wani sinadari mai suna adiranalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi ya taƙaita, gwiwa ta yi sanyi.

Saboda haka wanda ya yi haɗari yakan yi mafarkin abin, ko ya riƙa ganinsa a ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ko ya zabura don an rufe ƙofa da ƙarfi, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya riƙa zagaye mai nisa don kada ya bi ta wurin da ya faɗi. Duk waɗannan abubuwa ne da likitoci suka sani, suna samun soja da farar hula, namiji da mace, yaro da babba. Ga mafi yawan mutane sukan lafa da kansu cikin 'yan makonni. Idan kuwa suka wuce wata guda suna nan, har suna hana mutum sana'a ko zaman lafiya da iyalinsa, to, ya zama ciwon firgita na bayan masifa, wanda ke bukatar ganin likita kamar yadda karaya ke bukatar ɗori.

Abin da ke wahalar da ɗan Arewa a nan shi ne tarbiyyar da ya tashi da ita, wadda ta koya masa cewa faɗuwar gaba asarar namiji ce. Sai ya ɓoye abin da ke damunsa, ya ce ƙafa ce ba ta gama warkewa ba, ko kuwa kekensa ne ke wurin gyara. Wani kuma sai ya ɗauka jifa aka yi masa, ya kwashe ɗan abin da ya tara ya kai wa boka. A gaskiya kuwa rauni ne irin na sauran jiki, sai dai ido ba ya ganinsa.

LABARIN WANI GWANIN TSERE

Domin kada wani ya zaci rashin iya hawa ne ke kawo wannan hali, yana da kyau a dubi ƙasashen Turai, inda tseren keke sana'a ce babba mai kawo dukiya, a ga yadda gwanaye ke yi idan irin wannan ta same su.

Fabio Jakobsen mutumin ƙasar Holan ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu a ƙarshen tsere. Ran 5 ga watan Agusta, 2020, yana da shekara 23, ana gab da kammala zangon farko na tseren zagaya ƙasar Folan a birnin Katowice, a kan gangara, mahaya na gudun wajen kilomita 80 cikin awa guda, watau kimanin mil 50, sai wani abokin takararsa ɗan ƙasarsu ya matse shi ya afka cikin shingen da ke gefen hanya. Fuskarsa ta farfashe, ya rasa haƙora 10, aka yi masa ɗinki wajen 130, likitoci suka sa shi a dogon barci na magani har kwana biyu. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa a kwanakin da ya yi a ɗakin masu ciwo mai tsanani ya ji tsoron ba zai tashi ba. Hukumar tseren keke ta duniya ta dakatar da wanda ya matse shi har wata 9.

Abin lura shi ne yadda ya koma. A watan Oktoba na wannan shekara aka yanko ƙashi daga ƙugunsa aka dasa masa a muƙamuƙi. Bai sake hawa keke a kan hanya ba sai a watan Nuwamba, wata uku ke nan bayan haɗarin. A watan Janairu na 2021 ya bi 'yan ƙungiyarsu zuwa sansanin horo a ƙasar Sifen, inda ya sake sabawa da tafiya a cikin ayari. Sai a watan Afrilu, bayan wata 8, ya shiga gasa ta farko, a ƙasar Turkiyya, kuma bai ci ko zango ɗaya ba, abokin aikinsa Mark Cavendish ne ya cinye zango 4. Nasararsa ta farko ta zo a watan Yuli na 2021 a Beljiyam, shekara guda ba kaɗan da faɗuwarsa. Daga nan ya ci zango 3 a babban tseren zagaya Sifen na wannan shekara, sa'an nan ran 2 ga watan Yuli, 2022, ya ci zango na biyu na tseren zagaya Faransa, wanda ya fi kowane tseren keke suna a duniya.

Idan mutumin da ke da likitoci da masu horarwa da ƙungiya mai biyansa albashi sai da ya yi wata uku kafin ya hau, ya yi wata 8 kafin ya kutsa cikin cunkoson mahaya, to, babu abin kunya ga mai tallar madara a Agege don ya yi makonni bai iya fuskantar babbar hanya ba. Kuma kamar yadda tsoro bai raba wancan da sana'arsa ba, haka ba lalle ne ya raba wannan da tasa ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

MATAKAN KOMAWA

Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da cewa gudun abin tsoro shi ke ciyar da tsoro. Duk ranar da mutum ya ga keke ya kau da kai, yakan ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, amma maigadin nan na ƙwaƙwalwa sai ya ƙara yarda cewa lalle keke ne mutuwa. Maganin da suka fi amincewa da shi shi ne tunkarar abin kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana maimaitawa har jiki ya gaji da buga ƙararrawar banza.

Mataki na farko shi ne jiki. Wanda ya bugu a ka, in ya ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko yawan barci, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, asibiti zai nufa nan take ko da babu rauni a waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Karaya kuwa a ɗauki hotonta kafin a taɓa, domin akwai wadda ta fi ƙarfin maɗori, kuma ɗauri mai tsanani yana iya toshe jini har a rasa gaɓa. Akwai asibitin ƙashi na tarayya a Igbobi ta Ikko, akwai kuma a Inugu, 'yan'uwan na Dala da ke Kano. Yawancin karaya kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe, ta cinya takan fi haka. Kada a hau sai likita ya ba da izini, domin wanda ya hau da ciwo zai haɗa zafi da fargaba wuri guda.

Na biyu shi ne abin hawan. A kai shi wurin mai gyara, mai shi yana tsaye yana kallo, a duba birki na gaba da na baya, da kaca, da taya, da kan keken ko ya karkace, da fitila da ƙararrawa. Mutum ba ya natsuwa a kan abin da bai amince da shi ba, kuma ganin gyaran da idonsa yana rage masa zullumi.

Na uku shi ne fili. A nemi wurin da babu mota, kamar filin makaranta ko filin Idi, bayan sallar asuba. Ranar farko ko turawa kawai ya yi ya dawo, ya yi aiki. Kashegari ya zauna a kan sirdi ƙafafu a ƙasa, sa'an nan ya buga feda na minti 10 ko 15. A nan zai sake koyon taka birki da sauri ba tare da ya kife ba, da waiwaye ba tare da keke ya kauce ba, da sakin hannu ɗaya don nuna inda zai juya.

Na huɗu shi ne layukan unguwa, kuma safiyar Lahadi ta fi dacewa a garuruwan Kurmi, lokacin da manyan motoci suka yi sauƙi. Ya samu aboki mai haƙuri ya bi bayansa. Na biyar shi ne babbar hanya, da rana, ba kaya. Sai ya ga hannunsa ya daina rawa sa'an nan ya ɗora akwati ko buhu. Ɗan acaɓa kuwa haramun ne a kansa ya ɗauki fasinja kafin ya kai wannan matsayi, domin ran wani ba abin gwaji ba ne.

Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne wurin da abin ya faru. Ya fara zuwa da ƙafa tare da ɗan'uwa, ya tsaya ya dubi wurin har zuciyarsa ta kwanta. Wata rana ya ratsa yana tura keke, wata rana kuma ya ratsa a kai.

A duk waɗannan matakai ƙa'ida ɗaya ce. In fargaba ta taso, ya raɓa gefe inda babu haɗari, ya sa ƙafa ƙasa, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, ya ambaci Allah, ya jira. Fargaba ba ta dawwama a ƙololuwa, takan sauko da kanta. In ta sauko sai ya ci gaba ko da taku hamsin ne, don kada ya zamana tsoro ne ya tashe shi daga aikin ranar. Kowane mataki a maimaita shi kullum har ya gundure shi kafin ya wuce gaba. In wata rana abin ya dawo sabo, ya koma matakin baya ya sake ɗaukowa, wannan ba komai ba ne.

ABIN DA KE ƁATA MAGANI

Akwai gajeruwar hanya da shaiɗan ke nuna wa samari, watau ƙwaya. Wani zai ce wa ɗan'uwansa ya haɗiyi tramadol, ko ya sha wani haɗi na kwalba, zuciyarsa za ta bushe. Lalle takan bushe na 'yan sa'o'i, amma tare da ita ido da kunne da hankali ma sukan dushe, kuma in ta sake shi tsoron yana nan inda ya bar shi, ga kuma sabon ciwo na jaraba. Ita kanta hukumar tseren keke ta duniya ta haramta wa mahayanta tramadol a lokacin gasa tun daga watan Maris na 2019, saboda tana kawo jiri da gyangyaɗi da raguwar lura. Abin da aka hana wanda ke tsere a hanyar da aka rufe dominsa, yaya zai dace da wanda ke kutsawa tsakanin tankokin mai a Apapa?

Haka nan kuma zugar abokai. Akwai masu cewa a jefa mutum cikin cunkoso tun ranar farko, wai in ya tsira ya warke. Wanda hannunsa ke rawa a tsakiyar manyan motoci yana iya yin haɗari na biyu, in ma bai yi ba, firgitar da zai sha za ta ninka ta farko.

Wanda ya bi matakan nan har wata guda ko fiye bai ga sauƙi ba, ko mafarki ya hana shi barci, ko ya fara jin rayuwa ta fita daga ransa, to, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Yaba ta Ikko, da Aro ta Abekuta, da Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba, ban da manyan asibitocin koyarwa irin na Badun. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Sau da yawa maganin ma zama ne da tattaunawa a kan tsari, ba allura ba.

TSORON DA ZA A RIƘE

Ba dukkan tsoron ne za a zubar ba. Akwai wani kaso nasa da sunansa hattara, shi kuwa riba ce da mahayi ya saya da jininsa. Wanda ya taɓa faɗuwa ya kamata ya zauna ya duba abin da ya kayar da shi. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, amma har yau ana ganin masu keke suna fuskantar motoci ta hannun da ba nasu ba don rage nisa. Direban tirela ba ya ganin abin da ke manne da gefensa, musamman in zai karya kwana, saboda haka kada a raɓe shi. Da damina kwalta na santsi, ruwa na rufe ramuka da bakin kwata. Da dare kuwa mai baƙaƙen kaya a kan keken da ba fitila bai bambanta da duhu ba.

Sai hular kwano. A farkon 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tsananta dokar sa hular, an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Abin ya ba mutane dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Hula ta gaske, wadda aka ɗaure igiyarta a haɓa, tana cikin abubuwan da suka fi kare mahayi daga mutuwa da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. A karanta addu'ar hawa, a kuma ɗaure hula. Kowa ya haddace lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta kiran gaggawa.

HAKKIN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baƙo a Kurmi ba shi da uwa kusa, ba shi da gona, danginsa su ne mutanen zango da abokan sana'a. Abin da ya fi tura mai rauni kan hanya tun bai shirya ba shi ne yunwa da balas ɗin mai babur. Saboda haka ana kira ga ƙungiyoyin masu abubuwan hawa da na 'yan kasuwa su ware wani abu daga kuɗin da suke karɓa kullum, ya zama asusun jinya mai rubutaccen lissafi, wanda zai riƙe mutum na 'yan makonni. Masu ba da keke ko babur haya su sassauta wa yaransu, domin wanda aka yi wa haƙuri yau shi ne amintaccen gobe. Iyayen gida a kasuwa su samar wa mai jinya ɗan aikin zaune, kamar tsaron rumfa ko awo, har ya murmure.

Sarakunan Hausawa da limamai su riƙa faɗin wannan magana a fada da masallaci, domin in babba ya kira abu ciwo, yaro ba zai ji kunyar faɗinsa ba. Dattawan da suka taɓa faɗuwa suka koma, su ne suka fi cancanta su raka sabon mai rauni fili da asuba. Masu yi wa irin wannan mutum ba'a a majalisa, suna kiransa matsoraci, su ji tsoron Allah, su tuna hanyar da ta kayar da shi ita za su bi gobe. Rassan jam'iyya kuma, da wakilan da jama'a suka zaɓa, aikinsu ne su kai kuka gaban ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi game da ramuka, da kwatocin da ba murfi, da fitilun kan titi da suka mutu a unguwannin talakawa.

Wanda ke cikin wannan taro yana ɗauke da irin wannan fargaba a ɓoye, ya nemi mutum ɗaya da ya amince da shi ya gaya masa tun yau, sa'an nan su sa ranar da za su fita fili.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a cikin nema, Ya mai da kowa gida lafiya.